Kare Tsibiran Daji da Namun Dajin da Suka Rage a Ƙasar Matamaye

Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ta kowane gefe. A ƙasar Matamaye babu teku, amma akwai wani irin tsibiri da kowa ya sani. Shi ne ɗan guntun dajin da gonaki suka kewaye: kurmin bakin tafki, ko itatuwan maƙabarta, ko kufan tsohon gari, ko goribar fadamar Korama, ko kuma gandun dajin hukuma. Masana suna kiran irin waɗannan wurare tsibiran daji, domin dabbar da ke ciki ba ta da inda za ta nufa idan ta fita, kamar dai wanda ruwa ya tsare. Wannan darasi zai bayyana yadda dajinmu ya koma tsibirai, da abin da ke samun namun daji a cikinsu, da kuma abin da manomi da makiyayi da uwargida za su iya yi.

Yaya daji ya koma tsibirai?

A zamanin kakanninmu gari ne tsibiri, daji ya kewaye shi. Manomi yakan noma gona ƴan shekaru, sa'an nan ya bar ta ta huta, ta zama saura, itatuwa su sake tsirowa. Da jama'a ta yawaita sai hutun gona ya ragu, har ya ƙare a wurare da yawa. A ƙidayar shekara ta 2012 gundumar Kance, wadda Matamaye ce hedikwatarta, tana da kimanin mutum 400,000, kuma tana cikin wuraren da jama'a suka fi cunkoso a Nijar. Kowane gida yana bukatar gona da itacen girki da azara da abincin dabba.

Fari ya ƙara dagula al'amarin. A farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 itatuwa masu yawa sun bushe, mutane kuma suka sare wasu suka sayar don su sayi hatsi. Akwai kuma wani dalili na uku. Tun zamanin Turawa doka ta ɗauki itatuwa a matsayin dukiyar hukuma, saboda haka manomi yana ganin itacen da ke gonarsa ba nasa ba ne, yana ma iya jawo masa tara. Wanda ba ya sa ran cin amfanin abu ba ya wahalar renonsa. Haka aka wayi gari daji ya zama tsibiri, gona ta kewaye shi.

Darasi daga wani tsibiri na cikin teku

A Tekun Indiya, gabas da Madagaska, akwai wani tsibiri mai suna Morishus. A da can kurmi ne ya rufe shi, kuma a cikin kurmin akwai wani babban tsuntsu da ba ya tashi, ana kiransa dodo. Sunan ya yi kama da dodon tatsuniyarmu, amma wannan tsuntsu ne marar cutarwa, kuma babu shi a ko'ina cikin duniya sai a can. Jiragen ruwan mutanen Holan sun isa tsibirin a 1598. Aka shiga sare kurmi, aka yi ta kama tsuntsun, ɓeraye da aladu da birai da suka zo tare da jirage suka riƙa cinye ƙwansa. Gani na ƙarshe da aka yi masa, wanda masana suka fi yarda da shi, a 1662 ne. Ba a cika shekara ɗari ba irinsa ya ƙare.

A wannan tsibiri dai akwai wani ɗan shaho da ya kusa bin sawun dodo. A 1974 guda 4 kaɗai aka san sun rage a daji. Sai aka tashi tsaye: aka tsare sheƙunansu, aka ƙyanƙyashe ƙwai a hannu, aka mayar da ƴaƴan daji, aka kuma keɓe ragowar kurmin a 1994. Yawansu ya koma ɗaruruwa. Tsuntsu biyu, tsibiri ɗaya: wanda aka yi sakaci da shi ya tafi, wanda aka kula da shi ya tsira.

Me ya sa ƙaramin daji yake rasa namunsa?

Ko da ba a harbi dabba ko ɗaya ba, dajin da ya ƙanƙance kuma ya rabu da ƴan uwansa yakan rasa namunsa sannu a hankali. Ga dalilan:

1. Abinci da ruwa. Babbar dabba tana bukatar fili mai faɗi. Da rani takan bi ruwa, da damina ta bi ciyawa. Idan gonaki suka tare hanya, sai yunwa ko ƙishirwa ta kashe ta, ko ta shiga gona a kashe ta.

2. Abokin haihuwa. Idan barewa biyar suka rage a wani daji, ƴaƴansu za su riƙa haihuwa da juna. Kowane makiyayi ya san abin da ke samun garken da ba a sauya masa bijimi ko rago ba: ƴaƴa sukan fito raunana, cuta ta riƙa kama su.

3. Rashin maɓoya. Babban daji yana da tsakiya inda mutum da kare ba sa kaiwa. Ƙaramin daji kusan duk baki ne. Iska da rana da gatari da kare suna ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan.

4. Masifa guda. Gobara ɗaya ko fari ɗaya ya isa ya ƙarar da abin da ke cikin ƙaramin daji. A da, wasu namun sukan zo daga dajin maƙwabta su maye gurbi. Yanzu babu hanyar da za su biyo.

Wannan ya nuna mana abu biyu da ya wajaba a yi tare: a hana tsibirin raguwa, a kuma yi masa hanyar da za ta haɗa shi da wani tsibirin.

Namun da suka tafi da waɗanda ke kan hanya

A tambayi tsofaffin gari, za su lissafa namun da suka gani ko suka ji daga iyayensu: kura da barewa da gada da jimina da tuje da burtu. Yaro na yau ya san yawancinsu a karin magana ne kawai.

A dajin Babban Rafi, kusa da Madarunfa a jihar Maraɗi, giwaye sukan shigo daga dazuzzukan Najeriya a shekarun 1980 da 1990. Da gonaki suka ci hanyarsu sai zuwansu ya yanke. Mariri, wanda a da yake yawo garke-garke a arewacin Nijar, an bayyana a shekara ta 2000 cewa ya ƙare a daji a duniya baki ɗaya. Sai da aka ɗauko waɗanda ake kiwo a wasu ƙasashe aka fara sakinsu a Cadi a 2016. A gabas da mu, a yankin Tarmit da Tin Tumma, hukuma ta keɓe babban gandun namun daji a 2012. A can ne ragowar wata dabba dangin barewa take, mai murɗaɗɗun ƙahoni, wadda masana ke kira adaks. A wata ƙidaya da aka yi a 2016 guda 3 kaɗai aka gani. Jimina ma ta yi ƙaranci har aka buɗe wurin kiwonta a Kelle, cikin gundumar Gure, da nufin mayar da ita daji.

Ko ungulu, wadda a da ba a rasa ta a mahauta da bayan kasuwa, ta shiga haɗari. A 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittu ta sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Guba da ake sa wa mushe tana kashe ta, ana kama ta don haɗa magani, manyan itatuwan da take sheƙa a kai kuma sun ragu. Gauraka ma ana kama shi a sayar don ado a gidaje, alhali fadamun da yake ƙwai a ciki suna komawa lambuna.

Akwai labari mai ƙarfafa zuciya. Raƙumin dawa na Afirka ta Yamma a da yana yawo daga Senegal har Tafkin Cadi. A 1996 guda 49 suka rage, dukansu a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Hukuma ta tsananta hana farautarsa, mutanen ƙauyuka suka yarda su zauna tare da shi, aka kuma tallafa musu. Kafin 2018 yawansa ya haura 600, har a wannan shekara aka ɗauki guda 8 aka kai su gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, don kada a tara iri duka a wuri ɗaya. Abin lura shi ne, da rani raƙuman dawan Kure suna cin ganyen gawo ne a cikin gonakin mutane. Gawon manomi yana cikin abin da ya raya su.

Mene ne amfanin namun daji ga manomi?

Wani zai ce, ina ruwan mai neman tuwon dare da ungulu? Amsar tana cikin gonarsa. Shamuwa da balbela da zabon daji suna cin fara da tsutsa. Mujiya, wadda ake yi wa kallon mugun tsuntsu, tana cin ɓerayen da ke tone iri da ɓarna a rumbu. Bushiya da damo suna cin ƙwari. Ungulu tana cinye mushe kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta, kuma inda ta ragu karnukan sake ne ke yawaita a kan mushen. Jemage yana shan ruwan furen kuka da na ɗorawa da dare, yana ɗaukar garin fure daga wannan itace zuwa wancan, ta haka ne suke yin ƴaƴa. Ƙudan zuma yana yi wa itatuwa da kayan lambu masu yawa irin wannan aiki, ga kuma zuma. Tsuntsaye da namun daji suna cin magarya da kanya da aduwa, su kai ƙwallon nesa su yar, wani itace ya tsiro ba tare da kowa ya shuka ba.

Dajin da kansa yana tare iskar da ke binne shuka da rairayi, yana sa ruwan sama ya nutse cikin ƙasa maimakon ya gudu ya yi kwazazzabo. Daga cikinsa ake samun kaba ta tabarma da igiya, da miyar kuka, da tsamiya, da saiwoyin magani. A shekarar yunwa, kamar 2005, gidajen da ke da itatuwa sun sami abin sayarwa da ganyen ci da abincin dabba.

Gawo: gadar da ke haɗa tsibirai

Mutanen ƙasar Damagaram sun daɗe da sanin darajar gawo. Ana ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya yi sarauta har zuwa 1884, ya hana sare gawo, ya kuma sa hukunci mai tsanani ga wanda ya karya dokar. Gawo yana da hali na daban: yana zubar da ganye da damina, saboda haka inuwarsa ba ta danne hatsi, ya kuma yi ganye da rani lokacin da dabba ke neman ɗanyen abu. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, ganyen da ya zubar taki ne, dabbobin da ke hutawa a gindinsa suna ƙara wani takin. Shi ya sa zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili.

Daga tsakiyar shekarun 1980 manoma suka koma renon itatuwan da ke tsirowa da kansu a gona, abin da ake kira sassaben zamani. A jihar Maraɗi wani ma'aikacin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗa dabarar a 1983. A Magarya da Matamaye da Mirya kuwa manoma sun rena gawo har wani bincike na 2006 ya ƙiyasta cewa filin da ya farfaɗo a waɗannan gundumomi uku ya kai kimanin hekta miliyan 1. A Nijar baki ɗaya an ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200. Hekta ɗaya ita ce fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100.

Wannan babban aiki ne, amma gonar gawo ba ta maye gurbin daji. A gona iri kaɗan ake bari, kuma ana share ƙarƙashinsu kowace shekara. Zomo da fakara da zabon daji suna bukatar duhuwar sabara da geza da dogon haki don su ɓuya su haihu. Aikin gawon gona shi ne ya zama matakala: tsuntsu ya tashi daga kurmi ya sauka a kansa ya huta, ya wuce wani kurmin. Burtali da shingen raye da bakin kwari suna yi wa namun ƙasa wannan aiki. Saboda haka wanda ya cinye burtali da garma ya cuci makiyayi, ya kuma yanke wa namun daji hanya.

Misalin Takeita

A Takeita, inda hanyar Matamaye ta haɗu da babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, akwai gandun dajin hukuma mai kimanin hekta 6,700 a tsakiyar gonaki. A farkon shekarun 1990 dajin ya lalace ƙwarai: ana noma a ciki ba da izini ba, ana sara ba tsari. Daga 1995 zuwa 2000 hukumar kula da muhalli tare da ƙungiyar SOS Sahel suka gudanar da wani aiki na haɗa masu amfani da dajin. Aka tara manoman ƙauyukan da ke kewaye da makiyaya, har da Fulani da Buzaye masu wucewa, aka yi ta zama har suka kafa ƙungiya mai suna Ku Taya Ni, suka tsara dokokin kiwo da sara da kansu. Darasin Takeita shi ne, dokar da masu amfani da daji suka zauna suka yi tare ta fi saurin karɓuwa, kuma idan aka bar makiyayi a waje lokacin shawara, rigima ce za ta biyo baya.

Me doka ta ce?

Dokar gandun daji ta 1974 ta lissafa itatuwa iri 15 da aka ba kariya, cikinsu akwai gawo da kuka da tsamiya da ɗorawa da goriba da giginya da aduwa da ɗanya. A watan Yuni na 2004 aka yi sabuwar dokar gandun daji, wadda ta buɗe wa jama'a da ƙananan hukumomi ƙofar shiga cikin kula da dazuzzuka. Dokar farauta ta 1998 ta hana farauta ba da takardar izini ba, ta kuma haramta kashe wasu namun kwata-kwata, irin su raƙumin dawa da jimina. A ranar 30 ga Yuli, 2020, gwamnati ta fitar da ƙudurin da ya amince da haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya rena a gonarsa. Kafin ka sare babban itace, ko da a gonarka yake, nemi bayani wurin ma'aikacin gandun daji. Don shata iyakar kurmi ko burtali ko makiyaya, a je wurin kwamitin filaye, wato kofo, wanda dokar karkara ta 1993 ta tanada.

Abin da za mu iya yi

A gari:

- A zagaya tare da mai gari da tsofaffi da mata da makiyaya, a lissafa kowane guntun daji da ya rage, a rubuta sunansa da irin itatuwa da namun da ke ciki. Wannan aiki ne da ɗaliban ajin yaƙi da jahilci za su iya yi.
- A shata iyakarsa, a sa alama, a kai wa kofo ta rubuta.
- A kafa kwamitin tsaro da maza da mata, a amince da tarar da za a ci wanda ya yi ɓarna, a kuma bayyana inda kuɗin tara ke zuwa.
- A raba dajin kashi-kashi, a riƙa hutar da kashi ɗaya daga kiwo da sara har ƙananan itatuwa su fi ƙarfin bakin akuya.
- A share hanyar tare gobara a kewaye da shi bayan kaka.
- Inda ƙasa ta zama faƙo, a haƙa rabin wata da tassa don su tare ruwa, a zuba irin ciyawa da na itatuwan gida.

A gona:

- Lokacin sassabe kada ka ƙone kututture. Zaɓi rassa 2 zuwa 5 mafi ƙarfi da miƙewa, ka yanke sauran.
- Ka yi amfani da lauje ko gatari mai kaifi, kana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya ɓare. Ka rage ƙananan rassa har zuwa rabin tsawon reshen, ka ɗaura masa ƙyalle don a san mai shi yana renonsa.
- Ka koma bayan ƴan watanni ka sake gyarawa. Abin da ka yanke itacen girki ne.
- Kada ka tsaya ga gawo kaɗai. Ka bar kalgo da sabara da magarya da aduwa da ƙirya, domin kowane iri da tsuntsun da yake ciyarwa.

A gida:

- Murhun zamani, na laka ko na ƙarfe, yana rage cin itace.
- A ɗebi ganye da ɓawo da saiwar magani daga gefe ɗaya, kada a zagaye itace da sassaƙa, domin hakan yana kashe shi.
- A hana yara kwasar ƙwan tsuntsaye da ɗana tarko da damina, lokacin haihuwar namun daji.
- Kada a sa guba a mushe don kashe dila ko kare. Ungulu ce za ta fara mutuwa.
- Mai ɗibar zuma ya yi amfani da hayaƙi kaɗan, ya tabbata ya kashe wutarsa kafin ya tafi.

Kowace ranar 3 ga Agusta ana bikin dashen itace a Nijar. Dashe yana da kyau, amma itacen da aka dasa yana bukatar ban ruwa da shinge, kuma kuka ko tsamiya sai ta shekara da yawa kafin ta kai girman wadda muka gada. Saboda haka a ranar dashe a tuna da tsofaffin itatuwan da ke tsaye, a je a duba lafiyarsu, a gyara alamun iyakar kurmi.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne guntayen daji suka rage a garinku? Wane ne yake kula da su?
2. Waɗanne namun daji iyayenku suka sani waɗanda ƴaƴanku ba su taɓa gani ba?
3. Faɗi dalilai biyu da ke sa ƙaramin daji ya rasa namunsa.
4. Akwai burtali a ƙasarku? Faɗinsa na yau daidai yake da na da?
5. Rubuta sunayen itatuwa biyar da za ka rena a gonarka a sassaben bana.